Ranar da Na Kira Sunansa

"Idan ciwon ya taso masa kuna ku biyu a flat, me za ki ce wa mutanen asibiti?"

Ina durƙushe a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa a bakin kogi lokacin da Yaya Asama'u ta jefo min wannan tambayar. Sanyi na ratsa gwiwoyina. Kaina na ƙasa, takalmanta kawai nake kallo.



"To, bar maganar asibiti. Faɗa min sunansa. Sunan wanda kike so ɗin."

Bakina ya yi nauyi. A ƙauyenmu, can bayan Ɗambatta, daga ranar da namiji ya furta yana son aurenki, sunansa ya fita daga bakinki ke nan. Innata har ta tsufa ban taɓa jin ta ambaci sunan Baba ba. Balle ni, a gaban yayarsa da ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, wadda ita ce uwarsa yanzu.

Yaya ta ja numfashi. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da faɗan ne ma da ya fi min sauƙi. Ta ce ita ba don ban yi karatu ba take ƙin auren, kuma ta san kunya, ita ma a gidan Hausa ta tashi. Amma ƙaninta mai sikila ne. Ita likita ce, GP kamar yadda suke cewa a nan, tana gani da idonta yadda aka rage ma'aikata a ko'ina, wanda bai buɗe baki ba a kan benci zai wuni da ciwonsa.

"Matar da za ta iya ɗaga murya nake nema masa, Zinatu. Ke kuwa ko sunansa ba kya iya faɗa."

Ta juya ta tafi. Saudatu na tsaye gefe riƙe da filafilin tuƙa kwalekwale, tana gyara hular kwanonta kamar ba ta ji komai ba. Ta ji sarai. Ita ce wadda Yaya take so ya aura: 'yar ƙawarta, haifaffiyar Birmingham, mai aikin haɗa magunguna, Turanci a bakinta kamar ruwa.

Na miƙe na kakkaɓe gwiwoyina. A raina na ce ba zan koma Manchester yau ba sai matar nan ta canza ra'ayi a kaina. Yadda zan yi ne ban sani ba.

Ni dai raino ne ya kawo ni Ingila, gidan Anti Kubura a Levenshulme, wata unguwa a Manchester. Da yaran suka tasa na sami aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Karatuna a firamare ya tsaya. Na fara zuwa ajin koyon Turanci na manya a unguwarmu, ina jin daɗinsa sosai, sai ƙaramar hukuma ta ce babu kuɗi, aka rufe wurin. Turancina ya tsaya inda ya tsaya, na gaisuwa da na aiki.

A wurin wani suna a Withington na haɗu da Maharazu. Ya zo daga Birmingham, yana karatun digiri na uku a jami'ar da ke unguwar Edgbaston. Siriri ne, idanunsa da ɗan ɗorawa-ɗorawa, ga dariya ba ta yi masa wuya. Na miƙa masa faranti ya ce min wannan masar hannun 'yar ƙauye ce, 'yan birni ba sa iya ta haka. Na ji haushi. Ashe yabo ne.

Zuwansa na biyu ya faɗa min ciwonsa, bai ɓoye komai ba. Na je wurin GP aka gwada jinina, aka ce babu matsala a tsakaninmu. Daga ranar na daina kiran sunansa, ya koma Malam.

Abin yana ba shi dariya, yana kuma ɗan ci masa rai. Yakan ce min, "Zinariyata, duk abokaina fa Malamai ne. Ranar da za ki kira Malam a taro, mutum nawa za su waigo?"

To ƙungiyar Hausawan Manchester da ta Birmingham ne suka haɗa fita ta wuni guda zuwa duwatsun Wales, bayan ƙaramar Sallah. Da safe a shiga kogi a kwalekwalen roba, da rana a yi lilon waya da suke kira zip, da yamma a hau motocin daji a zaga duwatsu. Na roƙi wata abokiyar aikina ta karɓar min aikina na ranar. Shi ya ce ranar ce zai gabatar da ni ga Yaya, a wurin nishaɗi zuciyarta za ta fi laushi.

Ga yadda gabatarwar ta ƙare, a kan tsakuwa.

Saudatu ce mai raba mutane rukuni-rukuni. Ta sa ni a kwalekwale ɗaya da Yaya, ta ba ni wurin gaba, inda duk kuskuren mutum kowa ke gani. Ta san Baturen da ke jan ragamar kwalekwalen da ihu yake ba da umarni, cikin sauri, ga ƙarar ruwa. Shi kuwa Maharazu tun a mota Yaya ta kafa masa doka: ba shi ba kogi. Ruwan daga ƙasan madatsa ake sako shi, sanyinsa kamar ƙanƙara ko da bazara, sanyi kuwa shi ke tayar masa da ciwo. Aikinsa ya tsaya a gaɓa ya ɗauki hotuna.

Na ɗora doguwar riga a kan rigar robar da suka ba mu, don matse jiki take yi. Na zauna inda aka nuna min, na riƙe filafili. Baturen ya yi bayani mai tsawo, rabinsa ya wuce ni.

Ana shirin tura mu cikin ruwa sai na ji kwalekwalen ya motsa. Na waiga. Maharazu ne, sanye da rigar ruwa, ya zauna daidai bayana.

Yaya ta kira sunansa da wata irin murya. Ya ce mata ai akwai rigar roba, kuma ba faɗawa zai yi ba, ya gaji da zama ɗan kallo a rayuwarsa. Kafin ta sake magana ruwa ya ɗauke mu.

Ya sunkuyo kusa da kunnena. "Duk abin da ya faɗa zan juya miki da Hausa. Ke dai ki tuƙa."

Haka aka yi. Bature ya yi ihu, shi ya ce "Gaba!" na tuƙa gaba. Ya ce "Baya!" na ja baya. Ya ce "Kwanta ciki!" na dunƙule a ƙasan kwalekwale, ruwa ya rufe mu, muka ɓullo ta ɗaya gefen ana ta ihu da salati. Ban taɓa jin tsoro da daɗi sun haɗu a ƙirjina haka ba. Har dariya na ji ina yi da ƙarfi, na manta Yaya na nan.

A gangara ta ƙarshe kwalekwalen ya daki dutse ya karkace. Ba wanda ya faɗa. Amma igiyar ruwa ta zubo ta gefensa, ta shiga ta wuyan rigarsa ta jiƙe shi har ciki. Ya yi dariya, ya ce wankan Sallah ne ya sake.

Da muka fito Yaya ta nufi wurinsa kai tsaye. Ta lulluɓe shi da tawul da bargo, ta ɗura masa shayi mai zafi, ta tambaye shi ko yana jin wani abu. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Saudatu ta matso kusa da ni tana matse gyalenta, ta ce a hankali, da Hausarta mai ɗan karkata, "Kin ga dai abin da kika jawo. Don ke ya shiga."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta zauna min.

Aka yi sallar azahar a kan ciyawa, aka buɗe kuloli. Shinkafa, soyayyen naman kaza, dambun nama. Aka zaunar da ni a tabarma ɗaya da Yaya, na kasa kai ko loma ɗaya bakina. Ta yaya za a yi in ci abinci a gaban suruka? Ta kalli farantina, ta kalle ni, ta kawar da kai. Na san abin da ta ƙara rubutawa a ranta.

Ni kuma shi nake satar kallo. Yana cikin maza ana raha, amma hannu biyu ya sa ya riƙe kofin shayi, kuma abincinsa na nan yadda aka zuba.

Wurin zip ɗin a kan wani dogon dutse yake, inda aka taɓa fasa duwatsu a da. Waya ce mai kauri aka ja daga can sama har ƙasa, ta bi ta kan wani tafki mai shuɗin ruwa. Mutum zai kwanta rub da ciki, a ɗaure shi a rataye, a sake shi. Bibbiyu ake tafiya, kowa da wayarsa. Wannan karon bai jira rabon Saudatu ba, ya tsaya kusa da ni a layi ya ƙi matsawa.

Da aka rataye mu na leƙa ƙasa, mutane sun koma kamar tururuwa. Na fara karanto duk addu'ar da na sani.

Ya juyo da kansa. "Zinariya... a sama babu Yaya, babu kowa. Iska ce kawai. Ki kira sunana sau ɗaya in ji."

"Malam, ka bari mana."

"Sau ɗaya tak."

Aka sake mu.

Iska ta cika min baki da hanci. Tafkin ya taho ya wuce ta ƙarƙashina. Na ga shi a gefena, ya buɗe hannuwa kamar tsuntsu, yana kallona yana jira. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan ya zo har kan harshena ya tsaya, kamar Inna na tsaye a bayana.

Da muka sauka ya ce ba komai, yana da haƙuri, zai jira. Amma da ma'aikacin ya kwance shi, sai da ya dafa ƙarfe kafin ya miƙe. Na tambaye shi ko bayansa ne. Ya ce ɗaurin ne ya matse shi. Ya roƙe ni kada in faɗa wa Yaya, don idan ta ji, laifin a kaina zai ƙare, maganarmu kuma ta mutu.

Na yi shiru. Bai kamata in yi ba.

Motocin dajin jif-jif ne masu buɗaɗɗen baya, kowace da direbanta da rediyon da suke magana da juna. Motar su Yaya da Saudatu ce ta fara tafiya. Tamu ce ta ƙarshe: ni da shi, da abokinsa Rabe a gaba kusa da direba, da wasu ɗalibai mata biyu. Hanyar ba hanya ba ce, duwatsu ne da taɓo da ramuka. Motar na tsalle, 'yan matan na ihun daɗi.

Duk tsallen da ta yi sai in ji ya ja numfashi ta haƙora.

Muna tsakiyar hawa wani tudu ya kama hannun rigata. Bai taɓa taɓa ni ba sai ranar. Na dube shi, gumi ya rufe masa fuska a cikin wannan sanyin, leɓɓansa sun yi fari. Ya dafe ƙirji.

"Zina... ƙirjina."

Ya taɓa faɗa min cewa idan a ƙafa ne ko a baya, yana iya daurewa. Idan ya hau ƙirji, ba a jira.

Na ce, "Malam Rabe." Ƙarar inji ta haɗiye muryata. Na sake cewa. Ba wanda ya waigo. Na ji kaina ina magana irin ta gidanmu, ƙasa-ƙasa, da ladabi, mutum na mutuwa a gefena.

Na cire hular kwanona na maka ta a kan rufin direba. Na sake makawa. Na ci gaba da makawa har ya taka birki.

Direban ya sauko, dattijo ne mai jar fuska, ba mugu ba ne. Ya duba shi, ya ce sau da yawa mutane kan sami ɗaurewar jijiya bayan ruwan sanyi, mu ƙarasa zagayen a hankali, idan mun koma masauki a ba shi shayi ya kwanta. Wannan kam na gane shi duka. Rabe ya fara yi masa bayani cikin natsuwa, irin ta masu ilimi, yana neman kalmar da ta dace. Direban na gyaɗa kai yana komawa mazauninsa.

Na diro daga motar cikin taɓo. Na zagaya na tsaya a gabanta, na dafa ƙarfen gaban da hannu biyu. Na ce masa da ɗan Turancina ba shayi ba, ambulan, yanzu. Ya ce in kwantar da hankalina. Na ce ba zan matsa ba, sai dai ya bi ta kaina.

Ya ɗauko abin maganar rediyon yana cewa bari ya tambayi ofis. Na san idan ya tambaya da wannan muryar tasa, su ma shayi za su ce. Na zagayo na fizge abin daga hannunsa, na danna inda na ga yana dannawa.

"Maharazu!" na ce. "Maharazu Uba! Sickle cell! Ƙirjinsa ne, ba ya iya numfashi! Ambulance, now! Yaya Asama'u, Maharazu ne!"

Ban san rediyon duk motocin a layi ɗaya yake ba. Kowace mota a kan dutsen nan ta ji ni. Iyaye maza, iyaye mata, su Anti Kubura, kowa.

Rediyon ya yi ƙara, sai muryar Yaya ta fito. Ta yi wa direban magana da Turanci, gajere, babu wasa, na ga ya miƙe tsaye. Sannan ta koma Hausa.

"Zinatu, kina ji na? Ki zaunar da shi, kar ya kwanta. Duk abin da kike da shi ki lulluɓa masa. Ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Kar ki bari ya yi shiru, ki yi ta yi masa magana."

Na ce to, Yaya. Na cire rigar sanyina na rufa masa, 'yan matan suka miƙo nasu. Direban ya juya motar, ya sauko da mu a hankali kamar yana ɗauke da ƙwai. Duk hanyar ina riƙe da kansa ina yi masa magana, ina kuma ambaton sunan a rediyo duk lokacin da Yaya ta tambaye ni. Tunda ya fita sau ɗaya, ya daina yi min nauyi.

Mun iske ambulan na shigowa masaukin. Yaya ta riga mu isa, ta yi wa ma'aikatan bayani, suka sa masa abin numfashi suka ɗora shi. Ɗayansu ya ce mutum ɗaya ne zai bi su.

Yaya ta ɗora ƙafa a kan matakalar. Ta tsaya. Ta juyo ta kalle ni, taɓo har gwiwa, ɗankwalina ya zame, muryata ta dishe.

Ta sauke ƙafarta.

"Shiga," ta ce. "Zan biyo ku a wata motar. Idan kun isa kafin ni, abin da kika yi a kan dutsen nan shi za ki yi musu."

Saudatu ce ta miƙo min jakata ta ƙofa kafin a rufe. 

A cikin motar ya ɗan ɗaga abin numfashin. Na ce ya mayar. Ya ce sai ya faɗi abu ɗaya.

"Na ce ki kira a inda ba kowa... kika tara min duk Wales."

Ina kuka ina dariya na mayar masa da abin a fuska.

Ya jima a asibiti, amma ya tashi. Kafin babbar Sallah Yaya da kanta ta hau jirgin ƙasa ta zo Levenshulme, ta zauna a falon Anti Kubura ta nema masa aurena. Aka aika gida, aka ɗaura a Ɗambatta, aka yi walima a Birmingham. Ranar walimar ta zuba min abinci da hannunta, ta zauna a gabana ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga na cinye.

Mun zauna a wani ɗan flat kusa da tashar jirgi a Edgbaston. Ya gama karatunsa, ina cikin masu tafi. Shekarun da Allah Ya ba mu ba su da yawa, amma ba na musanya su da komai.

Na kira sunan nan a asibiti ban san iyaka ba. Na kira shi a gaban teburin karɓar marasa lafiya, na kira shi a baranda inda aka jera gadaje don ɗakuna sun cika. Na koyi sunayen magungunansa, na koyi in tsaya a gaban mutum in ƙi matsawa. Amma a gida Malam ne. Ya yi tsiyar har ya gaji. Yakan ce wato shi sai ya kwanta ciwo yake jin sunansa a bakin matarsa.

Kwanciyarsa ta ƙarshe da hunturu ce. Ciwon ya sake hawa ƙirji. Wannan karon ba wanda ya yi jinkiri, likitoci sun yi iyakar yinsu, Yaya na nan tsaye a kansu. Lokaci ne kawai ya yi.

Da la'asar, Yaya ta fita yin salla, muka rage mu biyu. Ya motsa yatsunsa, na matso.

"Zinariyata," ya ce, da kyar nake jinsa. "Duk kiran da kike yi, mutane kike kira min. Ni ba ki taɓa kirana ba."

Na tashi na ja labulen gadon ya zagaye mu. Na dawo na zauna, na sa bakina daidai kunnensa. Ba ihu, ba kowa, ni da shi.

"Maharazu."

Ya lumshe ido, ya yi murmushi.

"Na'am," ya ce.